Yadda Ake Canza Man Difaranshal na Mota Mai Ja da Taya Huɗu a Gida

Yawancin masu mota sun san ranar da suka canza baƙin mai, wasu har da 'yar takarda manne a gilashi. Amma ka tambayi mutum yaushe rabon da a juye man difaranshal ɗin motarsa, sai ya yi shiru. Dalili kuwa shi ne difaranshal, ko dif a taƙaice, ba ya kai ƙara da wuri. Ba ya kunna fitila a gaban direba, ba ya hayaƙi, ba ya hana mota tashi da safe. Haka zai yi ta haƙuri da tsohon mai har ranar da wani kuka zai fara tasowa daga ƙarƙashin mota idan an taka wuta, kuma a wannan lokacin an riga an makara, domin haƙoran giyar da suka cinye sabon mai ba ya mayar da su. Aikin da zai hana a kai ga haka bai wuce na awa ɗaya ko biyu ba, kuma duk wanda ya iya riƙe sifana zai yi shi a gida, muddin ya bi abin daki-daki.

Yana da kyau ka san abin da za ka buɗe. Idan mota ta sha kwana, tayar da ke waje tana yin tafiya mai tsawo fiye da ta ciki, don haka dole ta fi ta saurin juyawa. Difaranshal ne ke ba su damar wannan bambanci, alhali duka biyun suna karɓar ƙarfi daga inji. A cikinsa akwai ƙaramar giya da farfela, wato doguwar sandar da ke kawo ƙarfi daga wajen inji, ke juyawa, tana cizon wata babbar giya mai siffar zobe. A mafi yawan motoci ƙaramar giyar tana zaune ƙasa da tsakiyar babbar, saboda haka haƙoransu ba haɗuwa kawai suke yi su rabu ba, gogar juna suke yi ƙarƙashin matsi mai tsanani. Abin da ya raba ƙarfe da ƙarfe a wurin shi ne ɗan siririn mai da sinadaran da ke cikinsa. Sinadaran nan suna ƙarewa da zafi da daɗewa, garin ƙarfe yana taruwa, kuma dif ba shi da matata irin ta inji. Duk abin da ya shiga yana nan yana zagayawa har sai an juye.

Mota mai ja da taya huɗu tana da dif biyu, na gaba da na baya, sannan ga akwatin tiransifa a bayan giyabos, wanda ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Kowanne da mansa daban. Game da lokacin canji, littafin motarka ne alƙali. Galibi za ka ga adadin yana faɗowa tsakanin kilomita 40,000 da 100,000, kuma motar da ke jan tirela, ko ɗaukar kaya mai nauyi, ko yawan shiga yashi da laka, tana bin ƙaramin adadin ne. Ruwa kuwa ba ya jiran lissafin kilomita. Idan dif ya yi zafi ka tsunduma shi cikin ruwa mai sanyi, iskar da ke ciki tana tsukewa nan take, sai ya zuƙo ruwa ta bututun numfashinsa ko ta gefen sil, wato robar da ke hana mai yoyo. Duk lokacin da ruwa ya haura tsakiyar taya, a duba man a cikin 'yan kwanaki, ko da jiya aka zuba shi.

Man da za ka saya

A nan ne mutane suka fi yin kuskure, kuma kuskure ne da ba a ganin sakamakonsa sai daga baya. Abu biyu za ka duba a jikin galan. Na farko shi ne matakin API, wato lambar da ke nuna irin aikin da man ya dace da shi, kuma na difaranshal kusan kullum GL-5 ne, domin shi ke da isassun sinadaran jure matsi. GL-4 na giyabos ɗin hannu ne a motoci da yawa, bai isa ya kare haƙoran dif ba. Na biyu shi ne kauri: 75W-85, 75W-90, 80W-90, 75W-140, 85W-140. Lambar farko tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan ya ɗauki zafi. Kada ka zaɓi mai kauri don kawai ana cewa ya fi ƙarfi. Abin da kamfanin ya rubuta shi za ka zuba, kuma ka lura cewa wani lokaci na gaba da na baya ba iri ɗaya suke sha ba.

Sai batun LSD, wato dif ɗin da ke hana taya ɗaya yin ta juyawa a banza idan ta rasa kamu. Irin wanda ke aiki da faifan kuloci a ciki yana bukatar mai na musamman, ko kuma ƙarin wani sinadari da ke zuwa a ƙaramar kwalba, kusan mililita 120. Idan aka zuba masa mai gama-gari, sai ka ji bayan mota yana kakkarwa yana gurnani duk lokacin da aka sha kwana a hankali. Sau da yawa akwai takarda ko ɗan ƙarfe a jikin dif ɗin da ke nuna LSD ne. Idan babu, lambar aksil (ƙarfen da ya haɗa tayoyin hagu da dama) da ke jikin farantin bayanan mota za ta gaya wa dillali ko makanike irin wanda kake da shi. Wasu mayukan an riga an haɗa su da sinadarin, za ka ga an rubuta LS a jikinsu. Dif mai makulli na lantarki ko na iska galibi ba ya bukatar wannan ƙari, sai dai littafin ya ce a sa.

Yawan man ya danganta da mota. Na baya yakan sha daga kimanin lita 2 zuwa 4, na gaba kuma lita 1 zuwa 2 ko ɗan fiye. Ka sayi abin da littafin ya faɗa da ƙarin rabin lita, saboda wani zai rage a cikin tiyo, wani zai zube.

Kayan aiki ba su da yawa. Soket ko alanki daidai da notocin dif ɗinka, da doguwar sanda ta ƙarfe don kwance mai taurin kai. A motocin Toyota irin su Hilux da Land Cruiser, notocin baya galibi na milimita 24 ne, na gaba kuma a wasu samfuran alanki mai milimita 10 ne ke shiga. Motocin Amurka da dama ramin notinsu murabba'i ne, kan sifanar soket mai inci 3/8 ko 1/2 shi ke shiga kai tsaye. Sai famfon hannu da ake ɗaurawa a bakin galan, ko babban sirinjin mai, domin ramin zubawa a gefe yake kuma ba wurin da za ka karkata galan. Sai baho mai faɗi, sababbin washa, buroshin waya, tsummoki, kwali na shimfiɗawa, safar hannu da tabarau. Sifana mai auna ƙarfin ɗauri ina ganin ta cancanci a nema ko da aro ne, musamman saboda dif ɗin gaba. Ka kuma sa tufafin da ba ka damu da su ba, domin man giya yana da warin sulfa da ba ya barin yadi da wanki ɗaya.

Shirya mota

Ka ɗan zaga da motar na minti goma zuwa sha biyar. Mai ɗumi ya fi saurin fita, kuma yana fitowa da dattin da ya tayar, maimakon ya bar shi kwance a ƙasa. Ɗumi ake so, ba zafin da zai ƙona hannu ba, saboda haka idan daga doguwar tafiya ka dawo, bar ta ta huce tukuna. Ka kula da salansar hayaƙi, tana wucewa kusa da inda za ka sa hannu.

Ka tsayar da ita a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe. Wannan ba don jin daɗin kwanciya ba ne kawai: bakin ramin zubawa shi ne ma'aunin man, idan motar ta karkata awon ya tashi a banza. Ja birkin hannu, sa giya a P ko a lamba ɗaya, ka tokare tayoyi gaba da baya. Tabbatar tiransifa ba ta kan N, wato firi, domin idan tana can mota na iya gangarawa ko da giya tana P. Yawancin motocin nan suna da tsayin da mutum zai shiga ƙarƙashinsu ba tare da an ɗaga ba, kuma hakan ya fi. In dole sai an ɗaga, a ɗaga gaba da baya daidai wa daida, a ɗora ta kan ƙarafan tokara huɗu. Jak kaɗai ba abin da za ka miƙa wa ƙirjinka ba ne, ko na minti ɗaya. Motar da ke hawa da sauka da iska kuma a kashe wannan tsarin ko a tokare ta, don tana iya sauka da kanta.

Notin sama kafin na ƙasa

Ka fara da na baya, ya fi sauƙin kaiwa. A tsakiyar aksil za ka ga tulluwar dif ɗin. Noti biyu ne: ɗaya a gefe ko a baya, kusan tsakiyar tsayinta, shi ne na zubawa; ɗaya a can ƙasa, shi ne na tsiyayewa. Goge kewayensu da buroshin waya da tsumma har sai ƙarfe ya fito. Ƙasar da ka bari a wurin cikin dif za ta faɗa.

Ga ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci a wannan aikin: na sama ake fara kwancewa. Hannu yakan tafi na ƙasa da kansa, tunda juyewa aka zo yi, amma ka yi tunanin abin da zai faru idan ka tsiyaye man tas, sannan ka tarar notin zubawa ya ƙi motsi ko kansa ya murje. Ka zauna da mota ba mai, ba hanyar zuba wani, ba kuma halin tuƙa ta zuwa gareji. Idan kuwa na saman ne ya gagara tun farko, ba abin da ka rasa, motarka na nan da manta, sai ka nemi taimako cikin natsuwa. Buɗe na sama kuma yana ba iska hanya, man ya fita sumul ba tare da yana tuttuɗowa ba.

Idan notin ya yi gardama, kada ka yi fushi da shi. In mai rami ne, ka sa tsinke ka ƙwaƙule lakar da ke ciki har ƙasa, sannan ka buga alankin da guduma a hankali ya zauna gaba ɗaya. Alankin da ya shiga rabi shi ke cinye rami. In mai kai ne, soket mai kusurwa shida ya fi mai goma sha biyu kamu, musamman da yake kan waɗannan notocin gajere ne. Fesa man sassauta tsatsa, ba shi minti goma, ka ɗan ƙwanƙwasa kan notin, sannan ka sa doguwar sanda ka ja da nauyi a hankali, hannu ɗaya yana danne soket ɗin kada ya zame. Idan kana fuskantar kan notin, hagu ake juyawa, kishiyar tafiyar agogo. A kwance a ƙarƙashin mota abu ne mai sauƙi mutum ya rikice ya yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake. Wuta kuwa ban ba ka shawarar kusanto da ita ba, tankin mai da tiyon birki suna nan kusa.

Da notin ya fita, kafin ka taɓa na ƙasa, zura ɗan yatsa cikin ramin ka lanƙwasa shi ƙasa. Ya kamata ka taɓo mai a bakin ramin ko ɗan ƙasa kaɗan. Idan yatsa ya dawo a bushe, akwai inda yake yoyo, kuma sabon man ma ta can zai bi. Idan kuwa mai ya bulbulo da yawa da buɗewa, ko dai an cika shi fiye da kima, ko motar a karkace take, ko ruwa ya shiga ya ƙara masa yawa.

Yanzu tura baho, ka ɗan matsar da shi gaba da inda kake zaton man zai sauka, domin da farko da ƙarfi yake fitowa. Sassauta notin ƙasa da sifana, ka ƙarasa da yatsu kana danna shi ciki, sai ka ji zaren notin ya ƙare ka janye hannu gefe da sauri. Bar shi ya tsiyaye sosai. Man giya ba ya gaggawa, ka ba shi minti goma sha biyar ko fiye, har ya koma ɗigo ɗaya-ɗaya.

Abin da tsohon man ke faɗa maka

Wannan lokacin jiran shi ne ya fi daraja a aikin duka, kuma shi ne abin da ake rasawa idan aka miƙa mota aka tafi. Ɗauki notin ƙasa ka fito da shi haske. A motoci da yawa akwai maganaɗisu a bakinsa, za ka gan shi lulluɓe da baƙin abu mai laushi. Murza shi tsakanin babban yatsa da manuni. Idan ya narke sumul, ya bar maka toka-toka mai ɗan sheƙi a fata, wannan cin ƙarfe ne na yau da kullum, ba abin tsoro. Idan ka ji tsakuwa-tsakuwa, ko ka ga siraran ɓarɓashi masu kaifi sun miƙe tsaye a kan maganaɗisun, boris (abin da sandar giya ke juyawa a kai) ko haƙori ya fara ɓarewa. In ka tsinci guntun da za ka iya ɗauka da farce, ka ajiye shi a takarda ka nuna wa ƙwararre. Sabon mai ba zai gyara wannan ba, amma gano shi yanzu na iya tsayar da ɓarnar a kan boris ɗaya maimakon dif gaba ɗaya.

Sannan ka dubi na cikin bahon. Ruwan zuma mai duhu ko baƙi-baƙi, tsufa ne kawai. Baƙi ƙirin mai ƙaurin ƙuna yana nuna ya sha zafi fiye da kima, wataƙila saboda nauyi ko ƙarancin mai. Idan ya fito fari-fari ko ruwan ƙasa mai haske kamar an dama shi da madara, ruwa ne ya gauraya da shi. Wani lokaci ma tsagwaron ruwa ne zai fara zubowa kafin man, tunda ya fi shi nauyi yana kwantawa ƙasa. A irin wannan hali canji ɗaya ba ya wadatarwa. Ka zuba sabo, ka yi 'yar tafiya har ya ɗauki zafi, ka sake juyewa, sai ka ga ya fito da kalarsa.

Tunda kana ƙasa, ɗaga ido saman aksil ka nemi bututun numfashi. Wani ɗan ƙaramin ƙarfe ne mai hula, ko siririn tiyo da ya hau sama ya maƙale a jikin shasi. Hular ta riƙa motsi idan ka taɓa ta, tiyon kuma kada ya kasance a tsage ko a toshe da laka. Idan ya toshe, iskar da ta yi zafi a ciki ba ta da mafita, sai ta tura mai ta sil. Sil da yawa da aka canza ana zarginsu da lalacewa, laifin na wannan ɗan abin ne. Duba kuma inda farfela ta shiga dif, da bayan tayoyi ta ciki. Danshin mai a bayan taya yana nufin sil ɗin aksil ya saki, kuma man na iya kaiwa ga birki, wanda ba abin jinkiri ba ne.

Idan babu notin ƙasa

Wasu aksil, musamman a motocin Amurka irin tsofaffin Jeep da Ford da Chevrolet, ba a yi musu notin tsiyayewa ba. Murfi ne a baya da notoci goma ko sha biyu kewaye da shi. Hanya biyu ce. Kana iya zura tiyo ta ramin zubawa ka zuƙe man da famfo, amma dattin da ya kwanta a ƙasa yana nan, kuma ba ka ga komai ba. Ni na fi son a cire murfin.

Bayan ka kwance notin zubawa, cire notocin murfin daga ƙasa zuwa sama, ka bar biyu na can sama a sassauce don su riƙe shi. Sa bakin sukuddireba mai faɗi a gefen ƙasa ka ɗan ɓamɓara a hankali, man zai zubo ta nan. Kada ka lanƙwasa bakin murfin ko ka karce fuskar da yake zama. Idan ya tsiyaye sai ka cire shi gaba ɗaya, ka kwashe abin da ya rage a gindin da tsumma marar zare, ka haska haƙoran babbar giya: su kasance sumul, ba ramuka, ba ɓalli. Rufe giyoyin da tsumma mai tsabta kafin ka kankare tsohon gaskit, sannan ka goge fuskokin biyu da feshin wanke birki har su bushe ƙarau, domin gam ba ya kama wuri mai maiƙo. Sa sabon gaskit, ko ka zizara gam ɗin silikon wanda aka rubuta yana jure man giya, layi ɗaya marar yankewa mai kaurin kusan milimita 3 zuwa 5, yana zagaye kowane ramin noti. Mayar da murfin kafin gam ɗin ya fara bushewa, ɗaura notocin da hannu, sannan ka ƙarasa su a gicciye, wannan gefe sai kishiyarsa. Idan akwai ɗan ƙarfe mai lambobi a maƙale da ɗaya daga cikin notocin, mayar da shi, bayanin giyar ne a jiki. Ka jira iya lokacin da aka rubuta a jikin gam ɗin kafin ka zuba mai. Gaggawa a nan ita ke sa a sake aikin gobe.

Zuba sabo

Goge maganaɗisun tas, cire tsohuwar washa, sa sabuwa. Washar nan ta ƙarfe mai laushi ce, kamar alminiyam ko jan ƙarfe, an yi ta ne don ta matse sau ɗaya ta toshe kafa, wadda ta riga ta matse kuma sai an ɗaure ta fiye da kima kafin ta riƙe, daga nan zare ke lalacewa. Notin da ba shi da washa, wanda zarensa ke tsukewa zuwa baki, ɗan gam ɗin zare ake shafa masa. Fara ɗaura notin ƙasa da yatsu, ya yi zagaye uku ko huɗu ba tare da turjiya ba. In ya cije tun farko, a karkace ya shiga, fito da shi ka sake. Sannan ka ƙarasa da sifanar awo. A dif ɗin baya na Toyota da yawa adadin Nm 49 ne (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri a jikin sifanar), amma kowace mota da nata, ka duba. Idan ba ka da sifanar awo, yi amfani da gajeriyar sifana, ka ɗaure har ka ji washar ta zauna, ka ɗan ƙara kaɗan ka tsaya. Doguwar sandar nan ta kwancewa ce kawai.

In dif ɗinka na bukatar sinadarin LSD, shi za ka fara zubawa, domin idan ka bar shi ƙarshe ba zai sami wuri ba. Daga nan zura tiyon famfo cikin ramin sama ka fara bugawa. Aiki ne mai gajiyar da hannu, musamman da 85W-140 a lokacin sanyi. Tsoma galan ɗin a bokitin ruwan ɗumi na ɗan lokaci, ko ka ajiye shi a rana tun kafin ka fara, za ka ga bambanci. Riƙe tiyon da hannu ɗaya, yana son zamewa ya fito daidai lokacin da ka danna.

Ka riƙa lissafin abin da ya shiga. Idan ka kusa adadin littafin, rage sauri. Alamar cika ita ce man ya fara dawowa ta bakin ramin. Zare tiyon, ka bar rarar ta zubo har ta zama siririn zare ta tsaya, sannan ka sa notin da sabuwar washarsa. Wasu kamfanonin suna son man ya tsaya 'yan milimita ƙasa da bakin ramin, in haka littafinka ya ce, lanƙwasa 'yar waya mai tsabta ka auna da ita. Kada ka yi dabarar cusa ƙari ka toshe da sauri. Man da ya yi yawa kumfa yake yi, ya ƙara zafi, ya nemi hanyar fita ta sil ko ta bututun numfashi. Idan kuma ramin ya tumbatsa alhali rabin adadin kawai ka zuba, dakata minti biyu, mai kauri yana ɗaukar lokaci kafin ya bazu, sannan ka ci gaba.

Na gaba da tiransifa

Tsarin ɗaya ne a gaba, wurin ne ya fi matsi. Galibi sai ka cire farantin ƙarfen da ke kare ƙarƙashin inji, ka tallafe shi da gwiwa ko jak lokacin cire notin ƙarshe don yana da nauyi. A motocin da kowace tayar gaba ke motsi da kanta, dif ɗin a maƙale yake da shasi, kuma a wasu gidansa na alminiyam ne, wanda zarensa ba ya yafe ɗaurin ganganci. Notin sama da na ƙasa ma kan bambanta a ƙarfin ɗauri. Ka tabbata abin da kake kwancewa na dif ne, domin kaskon baƙin mai da na giyabos suna maƙwabtaka da shi. Bi sandunan da suka fito daga tayoyin gaba, inda suka haɗu nan ne dif. Kada ka ce ai ba kasafai kake sa fowil, wato ja da taya huɗu, ba, don haka na gaba bai tsufa ba. Shi ne ke fara shiga ruwa, kuma danshi yana taruwa a cikinsa ko yana aiki ko ba ya yi.

Tiransifa ma noti biyu gare ta kuma haka ake yi mata, na sama kafin na ƙasa. Sai dai kada ka ɗauka ragowar man dif zai yi mata. Wasu man giya suke sha, wasu man giyar otomatik, wasu kuma nasu na musamman ne da kamfanin ya tanada, kuma zuba wanda ba shi ba yana lalata kulocin da ke cikin na zamani.

Bayan an gama

Wanke jikin dif ɗin da feshi ka goge ya bushe, don duk ɗigon da ka gani daga baya ka san sabo ne. Mayar da farantin kariya, ƙirga kayan aikinka, cire abin da ka tokare tayoyi da shi. Yi tafiyar minti goma zuwa ashirin da gilashi a sauke kana saurare. Mai LSD ya sami fili ya yi ta zagaye a hankali, hagu da dama, sau takwas ko goma, don man ya ratsa tsakanin faifan. Idan kakkarwar ba ta tafi ba bayan 'yan kwanaki, ƙara sinadarin kaɗan, ba kwalba guda a lokaci ɗaya ba. Da ka dawo leƙa ƙasa, washegari ma ka sake leƙawa, ka shafa yatsa a ƙarƙashin kowane noti.

Tsohon man a juye shi cikin galan ɗin da ka gama da su, a toshe, a kai inda ake karɓar tsohon mai. Kada a zuba shi a ƙasa ko a magudanar ruwa, kaɗan daga cikinsa yana ɓata ruwa mai yawa, kuma a ajiye shi nesa da yara da dabbobi. Rubuta kwanan wata, kilomita, irin man da yawan da kowane dif ya sha a bayan littafin motar, har da abin da ka gani a kan maganaɗisu, domin a canji na gaba da shi za ka gwada. Idan ka tarar da ɓarɓashi a wannan karon, kada ka jira cikar adadin littafi: sake buɗe notin ƙasa bayan kilomita dubu biyu ko uku ka ga ko ya ƙaru. In ya ƙaru, ko kukan da kake ji yana canzawa tsakanin taka wuta da sakinta, aikin ya koma na saita haƙora da canza boris, wanda ke bukatar ma'aunai na musamman da hannun wanda ya saba.